Sunan Kurtu a Bakin Mawaƙa: Sharhi a Kan Yadda Adabinmu Ke Tunawa da 'Yan Mazan Jiya

Ranar 15 ga watan Janairu ta kowace shekara ita ce gwamnatin Nijeriya ta keɓe domin tunawa da 'yan mazan jiya. A Gusau, kamar sauran manyan biranen jihohi, akan yi fareti, a busa begila, manya su ajiye furanni, a yi shiru na ɗan lokaci, sannan a watse. Kafin yaƙin basasa ana yin wannan biki ne ranar 11 ga Nuwamba, wato ranar da aka tsayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, daga baya aka mayar da shi ranar da Biyafara ta miƙa wuya a 1970. Dattawan Arewa kuwa ba su manta cewa a irin wannan rana ce ta 1966 aka kashe Sardauna da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad ba, don haka ranar tana da nauyi biyu a zukatansu.

Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne duba yadda adabin Hausa, na baka da rubutacce, ya riƙe amanar ƙaramin sojan da ya faɗi a fagen fama. Ƙaramin soja muke nufi, irin wanda ya tashi daga Adabka ko Gummi ko wani ƙauye na ƙasar Anka, ya tafi bai dawo ba. Hukuncin da nazarin ya kai mu gare shi ba mai daɗi ba ne: mawaƙanmu sun yabi soja a jimlace, sun ambaci manyan hafsoshi da sunayensu, amma sun bar kurtu da farabiti ba suna.

Wannan giɓi abin mamaki ne idan aka yi la'akari da abin da muka gada. Malaman jihadi sun san darajar suna. Bayan yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, inda ruwayar da ta shahara ta ce Jama'a ta rasa kimanin mutum 2,000, daga cikinsu akwai mahaddata Alƙur'ani kusan 200, sai aka tashi zuwa Sabon Gari a nan ƙasar Zamfara a 1805, kafin a wuce Gwandu, inda aka sake shan wuya a Alwasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a cikin Tazyinul Waraƙati da Muhammadu Bello a cikin Infaƙul Maisuri ba su tsaya ga ƙidaya ba. Sun ambaci waɗanda suka rasa da sunayensu, wane limami ne, wane makaranci ne, wane aboki ne. Nana Asma'u ta bi wannan hanya a marsiyyoyinta. Saboda haka yau, bayan shekara fiye da 200, ɗalibi na iya buɗe littafi ya san wanda ya kwanta dama a wancan fage. Sai dai a faɗi gaskiya, marsiyyar ta ɓangare ɗaya ce. Gobirawa da Kabawa da Zamfarawan da suka faɗi a ɗaya gefen, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma ba wanda ya rubuta su, in ban da sarakunansu.

A fagen waƙar baka ma haka abin yake. Makaɗan maza ba su san yabo ba tare da suna ba. Kassu Zurmi ya rayar da 'yan tauri da mafarauta, Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya sa Shago da Ɗandunawa sun zama sanannu ga mutanen da ba su taɓa zuwa kallon dambe ba. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sukan tsaya a tsakiyar waƙa su yi ta'aziyyar wanda ya riga mu gidan gaskiya, su kira shi, su kira ubansa da garinsu. Ke nan ɗan damben karkara ya sami abin da sojan da ya mutu a dajin Bama bai samu ba. Me ya kawo haka?

Dalili na farko yana cikin asalin sojan kansa. Rundunar da Lugga ya ci ƙasar nan da ita, mafi yawan dakarunta Hausawa ne da Yarbawa, Turawa 'yan kaɗan ne ke ba da umarni. A watan Fabrairu na 1903, a kusa da Kwatarkwashi, mayaƙan Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu sun yi karo da wata ƙaramar ƙungiyar sojan doki ta Laftana Wright. Waziri ya rasu a wurin, Wright ya sami lambar Victoria Cross, wadda ita ce mafi girma a sojan Ingila. Waɗanda suka riƙe bindigogin da suka jawo masa lambar, da Hausa suke magana, haka ma waɗanda harsashin ya samu. Bayan makonni kaɗan, ranar 15 ga Maris, aka yi na Giginya a Sakkwato, sannan na Burmi a watan Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada. To, makaɗin da ke cin abinci a ƙofar fada, wa zai yi wa waƙa a cikin waɗannan? A idon jama'ar wancan zamani soja yaron Nasara ne, bariki kuwa wurin da tarbiyya ke ƙarewa. Har yau in an ce wane ɗan bariki ne, ba yabonsa aka yi ba. Wannan tabo ya bi kakin soja shekaru masu yawa.

Dalili na biyu na tattalin waƙa ne. Makaɗi yana da ubangida, ubangida ke ba da doki da riga da hatsi. Farabitin da ya mutu ba ya kyauta, iyalinsa kuwa ta abin sakawa a baki suke yi.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila, Lardin Sakkwato ya ba da nasa kason na samari, kuma a lokacin Anka da Gummi da Bukkuyum duk a cikinsa suke. An fara kai 'yan Nijeriya gabashin Afirka inda suka yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, sannan aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Bama su fuskanci Japan. Sun yi fama a kwarin Kaladan a 1944, sun kama Myohaung a Janairun 1945. Sunayen waɗannan wurare na nan a jikin barikokinmu: Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Wato dai an adana sunan dajin da aka mutu, an bar sunan wanda ya mutu a cikinsa.

Waƙar da ta fi fice a kan wannan zango ita ce Maraba da Soja ta Malam Sa'adu Zungur. Ba mai musun ƙarfinta. Ta ɗauki sojan da ake yi wa kallon ɗan bariki ta tsayar da shi a matsayin gwarzon da ya ga duniya, kuma ta yi amfani da dawowarsa ta tambayi Turawa da sarakuna ina amfanin 'yancin da aka je karewa a wata ƙasa alhali talaka na cikin ƙunci a gida. A nan gwanintar Sa'adu take, a nan kuma iyakar waƙar take. Kamar yadda sunanta ya nuna, waƙar tarbar masu rai ce. Sojan da ke cikinta hujja ce ta ɗan siyasa mai hangen nesa, kuma idon mawaƙin na kan gobe, ba ya kan gidan da aka aiko wa da labarin rasuwa. Mai karatu zai fito daga cikinta da fahimtar mulkin mallaka, amma ba zai fito da hoton uwa guda da ke jiran ɗanta a bakin hanyar mota ba. A ganina wannan ba aibi ne ga Sa'adu ba, domin abin da ya yi niyya ya cika shi. Aibin na waɗanda suka biyo baya ne, da suka ɗauka an gama magana.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sauya matsayin soja a idon Bahaushe baki ɗaya. Yanzu yaƙin namu ne, kakin ma namu ne, samari suka riƙa tururuwa zuwa wuraren ɗaukar soja. Waƙoƙi suka yi yawa a rediyon Kaduna da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Alhaji Aƙilu Aliyu ya yi tasa, Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos sun yi nasu, kuma Graham Furniss ya yi nazarin rubutattun waƙoƙin wannan yaƙi a 1991. Wanda ya saurari waɗannan waƙoƙi a jere zai ga zubinsu kusan ɗaya ne, kuma daga waƙar fada aka aro shi: a yabi Gowon da Hassan Usman Katsina da Murtala Muhammad da Muhammadu Shuwa, a yi wa Ojukwu zambo, a lissafa garuruwan da aka ci, a zuga samari. Hafsa ya hau kujerar sarki, Ojukwu ya hau ta ɗan sarkin da ke ja da mai gida. Dabarar ta yi aiki a lokacinta, domin waƙar zuga ba ta son kuka. Amma da aka ajiye makamai, ba a koma an yi marsiyya ba. Dubban da kogin Kwara ya ci a ƙoƙarin tsallakawa Anacha daga Asaba a 1967 ba su sami ko baiti ɗaya da ya shahara ba, ga shi kuwa da yawansu 'yan Arewa ne.

Ƙagaggen labari ne ya fara duban abin da yaƙi ya bari. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982 bayan gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya, ya nuna ƙasar da bindiga ta yi yawa a hannun mutanen da suka koyi kisa kuma ba a tanadar musu komai ba. Mutumin Anka ko Bukkuyum da ya karanta littafin a yau zai ji kamar da shi ake. Sai dai shi ma ta fuskar tsoro ya dubi ragowar yaƙi. Tsohon sojan da ya koma gona, ko ya zama maigadi a ƙofar ofishin En'e, yana zirga-zirgar neman fansho da takardar sallama a cikin leda, wannan bai sami marubucinsa ba tukuna.

Akwai kuma matsalar sigar bikin kansa. Mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, da ajiye furanni, da tsayuwar shiru, al'adu ne da Turai ta ƙirƙiro bayan 1918. Musulmin karkara ba ya gina kabari, ba ya kai masa fure, yana kuma ƙyamar gunki. Abin da ya sani shi ne a kira sunan mamaci a yi masa addu'a, a yi sadaka, a duba marayunsa. Saboda haka bikin Janairu bai taɓa sauka daga babban birni zuwa gari irin Adabka ba, kuma ba laifin mutanen garin ba ne. Hanyar da ta dace da su tana buƙatar suna, sunan kuwa shi ne aka rasa.

Turawan ma sun amsa nasu laifin. A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan ƙasashe renon Ingila ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Indiya da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su sam. Irin su Chari Maigumeri, wanda aka sa wa barikin Lokoja sunansa, tsiraru ne ƙwarai.

Maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Tun daga 2016 ake ta kafa rundunoni a dazuzzukan Zamfara, daga Harbin Kunama zuwa Sharan Daji, zuwa Hadarin Daji, zuwa Fansan Yamma, kuma a Janairun 2024 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara. Soja da 'yan sandan kwantar da tarzoma da askarawa suna faɗuwa a kan hanyoyin da muke bi zuwa kasuwa. Wasunsu daga kudu suka zo, ba su da kowa a nan. Sanarwa takan ce an rasa mutum kaza. Abin takaici, yaro a makarantar firamare zai iya lissafa maka sunayen manyan 'yan bindigar daji biyar, har da waɗanda aka yi wa waƙa ana yawo da ita a waya, amma da wuya ya kawo sunan soja ɗaya da ya mutu yana tsaron garinsu.

Ga malamin da ke son ya fara bincike da ɗalibansa, akwai bakin zare. Hukumar kaburburan da aka ambata ta sa rajistarta a intanet, kuma bangon tunawa da ke maƙabartar soja kusa da Rangun na ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma. Akawun soja na wancan zamani yakan rubuta Bahaushe da sunansa da sunan garinsu, kamar yadda makarantun boko suka riƙa yi. Don haka da sunan gari ake nema, kuma da rubutun Turawan lokacin, waɗanda ke rubuta Bukkuyum a matsayin Bukwium. Wahalar ita ce ɗan ƙauye yakan ba da sunan babban garin da Bature ya sani, sai a rubuta shi Sokoto kawai, ya shige cikin ɗaruruwan masu irin sunansa. Mai iya warware wannan ita ce tsohuwar da ke cikin gida, wadda ta san cewa ƙanen babanta ya tafi yaƙin Bama ana gab da girbin gero, ta san sunan da ake kiransa da shi, ta kuma san wanda ya gaji gonarsa. Mafi ƙanƙanta a cikin waɗanda suka ga tafiyar da idonsu sun haura shekara 85 yanzu.