Turken Ibn Rodan: Don Me Ake Bin Asalin Dokin Larabawa ta Wajen Uwa

Ina da aboki likitan dabbobi wanda duk ranar da zancen dawakin Larabawa ya taso sai ya ce salsalar goɗiya tatsuniya ce aka naɗa wa rawani. Lissafinsa ba wuya. Duƙushi rabi na uba ne, rabi na uwa, kuma in aka hau kakanni goma abin da ya rage na goɗiyar farko kashi ɗaya ne cikin 1024. To a kan me za a ci gaba da kiran doki da sunanta? Yakan ɗora da binciken da Ann Bowling da abokan aikinta suka fitar a 2000 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, inda aka gwada ƙwayar gadon da uwa kaɗai ke bayarwa, aka tarar dawaki masu sunan dangi ɗaya sun sha bamban, wasu kuma masu suna daban jininsu ya haɗu. Binciken gaskiya ne. Fassarar da abokina ke masa ce ban saya ba.

Tarihin gajere ne. Ƙabilun hamadar Sham da Najadu, irin su Anaza da Shammar, goɗiya suke hawa zuwa hari, don ba ta cika haniniya ta tona asirin mahayi ba in ta ji ƙanshin wasu dawaki. Ita ce dukiya, har akan sayar da rabinta a yi sharaɗi kan wa zai ɗauki duƙusar farko. Abbas Fasha, wanda ya mulki Masar daga 1848 zuwa 1854, ya zuba kuɗi ya tara irin waɗannan goɗiyoyi, ya kuma sa aka bi dattawan ƙabilu ana rubuta abin da suka sani game da kowacce. Daga baya Lady Anne Blunt da mijinta Wilfrid suka kafa bargar Crabbet a Ingila a 1878. Labarin goɗiyoyi biyar da ake cewa daga gare su kowane doki ya fito kuwa, ba na kafa hujja da shi, tunda ko jerin sunayen biyar ɗin bakin masu faɗa bai zo ɗaya ba.

Inda nake so mu tsaya shi ne sunan kansa. Mu ɗauki Rodaniya, jar goɗiyar da aka haifa wajen 1869 a hannun ƙabilar Ruwala, mutanen ƙabilar Gomusa suka kama ta a yaƙi a 1880, su Blunt suka saye ta a 1881 suka kai ta Ingila da tabon raunukan yaƙi a jikinta. Cikakken sunanta Kuhaila Ajuz ta Ibn Rodan. Kashi uku ke nan, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Kuhaila daga kalmar kwalli take, saboda baƙar fatar da ke kewaye idon, kamar an ranbaɗa mata tozali. Wannan babban rumbu ne, dubban dawaki na cikinsa, bai gaya maka komai ba. Ajuz tsohuwa ce, ana nufin wata tsohuwa da aka ce ta reni duƙusar da aka bari a hanya. Nan ma muna cikin almara. Kashi na uku shi ne maganar. Larabawa suna kiransa marbaɗ, wato wurin ɗauri, abin da Bahaushe zai ce turke. Turken Ibn Rodan. Ba siffar doki sunan ke faɗa ba, gidan da za ka je ka yi tambaya yake nuna maka. Akwai mutum, akwai zuriyarsa, akwai maƙwabtan da suka ga ranar da aka kai uwar wajen ingarma, suka kuma ga ranar da ta haihu. In ciniki ya faɗa sai a rubuta hujja, shaidu su rantse su buga hatimi. An ma ruwaito cewa wanda ya kama goɗiya a hari yakan aika wa abokan gabar da ya ƙwace ta a hannunsu ya tambayi asalinta, su kuma faɗa masa gaskiya.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ana cewa wane ya karɓo daga wane ya san wannan tsari. Isnadi ne. Shi ya sa rubuce-rubucen da aka yi wa Abbas Fasha ba su cika damuwa da tsayin wuya ko faɗin goshi ba, hankalinsu na kan hannuwa: wa ya riƙe ta, wa ya ƙwace, wa aka ba kyauta, wa ya shaida. Dalilin bin uwa kuma a fili yake. Haihuwa a gaban jama'a ake yin ta, duƙusa tana bin uwarta tana tsotso kowa na gani. Barbara kuwa abu ne na ɗan lokaci, sai wanda ya halarta. Mai neman shaidar da ba ta karyewa dole ya kama igiyar uwa.

Da wannan ido, binciken Davis bai rushe komai ba. Ya nuna sunayen dangi irin su Kuhaila da Saƙlawiyya ba ƙabilun jini ba ne masu katanga a tsakani, kuma dama sunaye ne da ke tsagewa suna sabunta duk lokacin da wata goɗiya ta yi suna a wani sabon turke. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne makamin da aka ɗauko don a kayar da Larabawan hamada, ita wannan ƙwayar gado, ta wajen uwa kaɗai take sauka, daga uwa zuwa 'ya, ba ta rabuwa biyu kamar sauran. Lissafin 1024 bai taɓa ta ba. Su ma Turawan da ke yawan ambaton ingarmu uku da dawakin sukuwarsu suka fito daga gare su, in ka buɗe kundin asalin da suka fara bugawa a 1791, ƙarƙashin sunayen goɗiyoyi aka jera 'ya'ya.

(Mu nan sai dai a yi shiru. Ingarma muke yi wa kwalliya ranar hawan salla, muna kiransa da launinsa, kili ko akawal, goɗiyar da ta haife shi tana can ƙauye ba mai tambayar sunanta.)

Dubi yadda igiyar ta riƙe a gidan Rodaniya. 'Yarta Rose of Sharon, haihuwar 1885, ubanta ingarma ne daga dangin Hadban, amma ba wanda ya taɓa kiranta Hadba. Ita ta haifi Ridaa, Ridaa ta haifi Risala da Riyala. Uban Risala shi ne Mesaoud, Saƙlawi Jidran na turken Ibn Sudan, ingarman da ya fi kowane tasiri a Crabbet a zamaninsa, duk da haka sunan danginsa bai hau kan 'yar ba. Su Blunt sun fahimci abin har suka mai da shi ƙa'idar raɗin suna: harafin farko na sunan uwa shi 'ya'ya ke ɗauka, don haka in ka ga R a tsohon kundin Crabbet ka san inda za ka nufa. Masu cewa darajar wannan gida daga ingarmun da aka yi ta zuba masa take, sai su gaya mana me ya sa ingarmun nan ba su yi irin wannan aiki da kowace goɗiyar da ke bargar ba. Da yawa an shigo da su tare da Rodaniya, zuriyarsu ta mata ta ƙare ba labari.

Rose of Sharon ta tsallaka Amurka a 1905, tana da shekara ashirin. A 1920 kuma hukumar noma ta Masar ta aiko Crabbet sayen dawaki don gyara irinta. Galibin abin da aka saya ingarmu ne, goɗiyoyi biyu kacal aka haɗa da su, Bint Risala da Bint Riyala, dukansu jikokin Ridaa. Yawancin ingarmun nan sai mai tonon kundi ke tuna su, amma zuriyar goɗiyoyin biyu tana nan a bargar El Zahraa da ke Alƙahira, kuma in an zo rubuta dangin duƙusar da aka haifa a wannan layi, sunan Ibn Rodan ake sawa.