Haske da Inuwa a Siddabarun Finafinan Hausa: Nazari a kan Manhajar Cycles

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna ƙarfin manhajar kwamfutar nan da ake kira Cycles, a kuma duba ko za ta iya magance wata naƙasa da ta daɗe a siddabarun finafinan Hausa. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, harkar fim take bunƙasa, amma nuna aljani ko gobara ko layar zana bai daina ba masu shiri wahala ba. Sau da yawa mai kallo yakan gane liƙa abin aka yi, domin rana tana dukan jarumi ta gabas, aljanin da ke gabansa kuwa ba shi da inuwa ko kaɗan.

2.0 Yadda Take Aiki

Cycles ta fara fitowa a cikin manhajar Blender a 2011. Kyauta ce, kuma tushen rubutunta a buɗe yake, wato kowa yana da ikon karantawa da gyarawa. An gina ta a kan lissafin da James Kajiya ya gabatar a Amurka a 1986. Daga kowane ɗigo na hoto, kwamfuta takan bi sawun haske da baya: daga idon kyamara zuwa bango, daga bango zuwa ƙasa, har ta kai ga rana ko fitila. Takan maimaita haka sau ɗaruruwa, sannan ta ɗauki matsakaici. Ke nan mai zane ba ya zana inuwa da hannunsa. Lissafi ne yake haifar da ita.

3.0 Abin da Ta Iya

Na farko, tana nuna hasken da ke komowa daga jikin abu. Alal misali, idan aka tsayar da mai farar riga kusa da jan bango, rigar za ta ɗauki ja-ja kamar yadda ido ya saba gani. Na biyu, tana lissafa tafiyar haske cikin hayaƙi da ƙura. Na uku, tana iya ware inuwar abin da aka ƙirƙira, a ɗora ta a kan hoton da aka ɗauka da kyamara, wanda shi ne maganin naƙasar da aka ambata a sama. Ba ita kaɗai ce irinta ba, domin a 2023 kamfanin DreamWorks ya buɗe tasa manhajar, MoonRay, ga kowa. Saboda haka tsadar manhaja ta daina zama hujja.

4.0 Inda Ta Gaza

Manhajar ta san dokokin haske, amma ba ta san ƙasarmu ba. Sai an gaya mata launin abu da kaushinsa da sheƙinsa kafin ta yi lissafi, kuma yawancin samfuran da ake saukowa da su daga intanet a wasu ƙasashe aka ɗauke su. Wanda yake son nuna farar ƙasar Ƙanƙara, ko duwatsun Faskari, ko gonar masara a Sabuwa bayan girbi, dole ya je da kyamara ya ɗauko kamanninsu. Haka kuma hazon hunturu, wanda ke dusashe rana ya tausasa inuwa, sai an auna shi da ido a daidaita.

Matsala ta biyu ita ce fatar mutum. Binciken da ya shahara a 2001 kan yadda haske ke ratsa jiki ya fi dacewa da marmara da madara da farar fata. Theodore Kim na Jami'ar Yale ya yi suka a kan wannan a 2020. Baƙar fata kuwa sheƙinta ne ya fi bayyana siffar fuska, kamar yadda turkuɗin Kura yake ƙyalli bayan bugu. Wanda ya bar ma'aunin yadda ya same shi zai iya fitar da fuska mai kama da kakin zuma.

Ta uku ita ce lokaci. Don a rage dishi-dishin hoto da rabi, sai an ninka lissafi sau huɗu, ga shi daƙiƙa ɗaya ta fim tana cin hoto 24 ko 25. A inda wutar lantarki ba ta zama, wannan nauyi ne babba.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa Cycles ta isa ta gyara haske da inuwa a finafinanmu, amma abin da aka ba ta shi take mayarwa. Shawarar wannan takarda ita ce sassan zane-zane na kwalejojin ilimi su sa ɗalibai tattara hotunan ƙasa da gini da sutura da sararin samaniya na yankunansu, rani da damina, a ajiye su inda kowane mai shirya fim zai ɗauka kyauta.