Rawani babu harshe: sharhi kan tarihin ƙage na Warhammer 40,000

Ƴan uwa ɗalibai, tun da bidiyoyin Warhammer 40,000 sunka fara yawo cikin salulolinmu, wasu daga cikinmu sun ɗauki niyyar ƙaga tasu duniya: taurari, rundunoni, sarakuna, da abin da ya haɗa su faɗa. Niyya ce mai kyau kuma ina bayanta. Amma kafin mu ɗauki bik da kaye, ya kamata mu duba abin da za mu yi koyi da shi da kyau. Akwai inda ya yi gwaninta, akwai inda ya yi sakaci, kuma sakacin nasa ya faɗo daidai bisa mutane irinmu, mazauna bakin hamada.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Games Workshop na Nottingham a Ingila ne ya fito da shi a 1987, Rick Priestley ya rubuta littafin dokokinsa na farko. Ana sayen ƴan mutum-mutumin sojoji na roba, tsawon yawancinsu bai kai ɗan yatsa ba, a harhaɗa su, a yi musu fenti, a jera su bisa tebur da anka ƙawata da duwatsu da kangaye. Tafiyar soja da inci ake auna ta, harbi kuwa sai an jefa ɗan lido a ga ko ya samu. Ba abu ne da anka saba gani a kasuwar Tawa ba, kuɗɗinsa ma ba na ɗalibi ba ne. Amma mu da munka taso muna kallon tsofaffi suna dara a ƙasa, rami talatin, wanga da tsinke wancan da tsakuwa, mun san daɗin yaƙin da ba a zub da jini cikinsa. Inda sunka rabu shi ne tsinken dara ba shi da suna ba shi da gari. Sojan Warhammer shina da suna, da duniyar da anka haife shi, da tsohuwar gaba da ya gada. Wanga labari da ke bayan wasan shi nake kira tarihin ƙage, kuma a kansa zan yi magana.

Bari in fara da yabo, don sun cancanta. Babbar dabarar marubutan ita ce barin gurbi. Sun ce daular mutane tana da duniyoyi miliyan, sunka ba da labarin kaɗan, sauran sunka bar wa ƴan wasa. Sun ce an yi manyan rundunoni ashirin, amma ta 2 da ta 11 an goge labarinsu, har yau ba a faɗi mi ya same su ba. Sannan yawancin abin da ake ba ka cikin littattafan daga bakin wani mai son rai yake fitowa, malamin fada ko marubucin soja, kai mai karatu ka san ba duka ne gaskiya ba. Shi ya sa yaro zai iya fentin sojojinsa da launin da ya so, ya ce daga duniya kaza suke, ba wanda zai ƙaryata shi. Wanda ya cika kowane rami da kansa ya hana abokin wasansa wurin sa ɗa. Wagga dabara mu ɗauke ta, ba kunya.

To, mu zo ga mutanen hamadarsu. A cikin wasan akwai wata duniya mai suna Tallarn. An ce dā ƙasar noma ce mai albarka, sai rundunar maciya amana ta Iron Warriors ta yi mata ruwan bama-baman cuta, komi ya mutu, ta koma rairayi. Waɗanda sunka tsira cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa sunka fito cikin tankokin yaƙi, anka yi gumurzun tankoki mafi girma a tarihin daular. Jikokinsu su ne sojojin Tallarn: rawani, amawali ya rufe baki, takobi mai lanƙwasa, kai hari a ɓace. Fitaccen jagoransu sunansa Al'rahem.

Ku dubi sunan nan da kyau. Duk wanda ya zauna makarantar allo ya san lam ba ta tsayawa gaban ra, narkewa take yi, shi ya sa muke cewa Abdurrahim. Ita kuma ƴar alamar da anka rataya tsakanin l da r ba ta da aikin komi, ba hamza ba ce, ba ainu ba ce, ado ne kawai don idon Bature ya ga baƙon abu. Haka sunka yi wa wata al'ummar wasan: dā Tau ake rubutawa, daga baya anka mai da ita T'au. A wurinmu wagga alama sauti ce. Cire ta daga ba'a ko sa'a ka ji abin da ya rage. Mu da muke faɗa da na'urar fotokopi da salula kullum don lanƙwasar ƙ ta fito, saboda kafa daban ƙafa daban, bai kamata mu koyi watsa alamomi bisa suna awa barkono bisa tsire ba.

Wannan sakaci ya fi fitowa in ka ajiye shi kusa da Dune, littafin Frank Herbert na 1965, wanda tasirinsa bisa Warhammer a bayyane yake. Herbert ma aro ya yi, amma ya san ma'anar abin da ya ara. Bahaushe in ya ji Mahdi ko Lisan al-Gaib cikin fim ɗin, kunnensa zai kama Mahadi da gaibu, kuma ma'anar ta dace da labarin. Mutanen hamadarsa suna da dokar ruwa, da yadda ake raba shi, da abin da ake yi da ruwan jikin mamaci. Tallarn aron aro ce. An ɗauko rawanin an baro harshen da rijiyar. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Akwai wani abu kuma da ɗalibin harshe ba zai wuce shi ba: wa anka ba wane baki? Manyan daular da hukumominta Latin na ƙarya suke ɗauke da shi, Adeptus kaza, Adeptus kaza. Rundunar da anka sani da Imperial Guard ma a 2014 an canza mata suna zuwa Astra Militarum. Su kuwa Ork, dodannin nan kore masu son faɗa ba dalili, an ba su Turancin talakawan Ingila, irin na ƴan tashar kallon ƙwallo, har rubutunsa ake karkatawa don a yi dariya. Ma'ana, mai mulki shina da harshen littafi, dabba tana da karin unguwa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun san yadda Faransanci yake zaune bisa Hausa a ofis, mun kuma san yadda finafinan Kano kan sa wa ɗan ƙauye Hausar yamma, ko su sa Buzu maigadi ya karya harshe don a ƙyalƙyace. In munka rubuta duniyarmu, sarkin taurari shina Hausar rediyo, dodo shina cewa “mi kac ce”, to mun zagi kakanninmu da hannunmu.

Ina za mu samo sunaye ke nan? Ku ɗauki taswirar jihar Tawa ku karanta ta awa littafi. Tawa kanta daga ƙauyuka biyu ta tashi, Bilbis da Fakawa. In ka ga Birni, an taɓa yin ganuwa, ke nan an taɓa jin tsoro. In ka ga Zango, ayari ya sauka. Tunga, wasu sun rabu da babban gari sun tahi neman gona. Gidan wane, mutum guda ne ya fara sara. Rugga, Fulani. Kana yin arewa sunaye na juyawa zuwa Tamajak, In kaza da Tin kaza, da yawansu sunayen rijiyoyi da wuraren ruwa ne, Cintabaraden kuwa “ta ƴan mata” take nufi. Taswira kaɗai ta gaya maka wa ya zo, mi ya kawo shi, da inda harshe biyu sunka haɗu. Haka sunan ƙage ya kamata ya yi aiki. In ka sa wa tashar jiragen samaniyarka Zangon Gishiri, mai karatu ya riga ya san abin da ake ɗauka a nan da wanda zai so ya tare hanyar. Ga kalmomin ƙasa kuma da Turanci bai da irinsu: fako, jigawa, fadama, ƙorama, tabki. Kowace ɗaya filin daga ce daban, da irin tafiyar da za a yi bisanta.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta sa na rubuta wanga sharhi. A Warhammer, dalilin yaƙi jini ne. Ork maƙiyi ne don an haife shi Ork, baƙon halitta kashe shi ake yi don baƙo ne, sulhu kuwa cin amana ne. Marubutan farko da gatse sunka yi shi, suna yi wa mulkin danniya ba'a. Amma gatse ba kowa ke jin sa ba. A watan Nuwamban 2021, bayan wani ɗan wasa ya zo gasa a Sifen da alamun ƴan Nazi a jikinsa, sai da kamfanin ya fito da sanarwa shina tuna wa mutane cewa daular nan ba abin koyi ba ce. In haka ta faru inda yaƙi yake cikin littafi, ina ga nan? A ranar 21 ga Maris na shekarar nan ta 2021, an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya, bisa ƙidayar gwamnati. Akwai ɗaliban da muke zama aji ɗaya da su waɗanda arewar nan gida ce gare su. Wanda ya zauna ya ƙaga duniya inda masu rawani duka mahara ne, masu sanda da shanu duka maciya amana ne, manoma duka salihai, ya canza musu suna kaɗan ya ce ai wasa ne, ya sani kowa zai gane wa yake nufi.

Kuma tarihinmu ma bai yarda da wannan rabon ba. Ku nemi littafin Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa, mutumin da jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa. Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ƙwace Adar daga hannun Kabi a 1674, kuma zuriyarsa ta zama sarakunan Adar masu magana da Hausa. A ƙarni na 19, Kel Gres da Kel Dinnik, dukansu Abzinawa, sun daɗe suna gwabzawa da junansu kan wa zai riƙe ƙasar da hatsinta, garuruwan Hausawa kuma kowane shina duba inda zai jingina ya tsira. Abokin bana shi ne abokin gabar baɗi. Abin da ake faɗa a kansa ana iya taɓa shi da hannu: rumbu, rijiya, hanyar ayari, haraji. Ga mai tsara wasa wannan ya fi gabar jini amfani nesa ba kusa ba, don ƙawance na iya juyawa tsakiyar kakar wasa, kuma kowane ɓangare shina da hujjar da mai riƙe da shi zai iya karewa ba tare da ya zama dodo ba.

Ko hamadar ma ba su san ta ba. Tallarn ta bushe dare ɗaya da bam ɗin maƙiyi, tun daga nan kuma labarin bai damu da mai dasa itace ba. Iyayenmu da sunka ga farin 1973 da na 1984 sun san ƙasa a hankali take mutuwa, kuma ana iya jayayya da ita. Aikin Keita da anka fara a 1984 da taimakon Italiya, mata ne sunka ɗauki yawancin duwatsunsa a ka, anka yi shingaye da madatsai. A wajen Illela da Badagishiri, tassa ta mai da fako gona. Ku kai wannan wata duniya ku gani: runduna guda tana tsaron madatsa har ruwan farko ya sauka, ɗaya tana son ta ratsa da garkenta zuwa arewa kafin a rufe burtali, ta uku ƴan ci-rani ne da sunka dawo daga wani tauraro da kuɗɗi da sabbin makamai, ba su jin maganar kowa. Nasara a nan ba sai an ƙare da kashe na ƙarshe ba. Wanda ya ci yaƙi ya fasa madatsa ya faɗi, don kakar wasa ta gaba ba shi da abin ciyar da sojansa. Warhammer, da dukan littattafanta, ba kasafai take tambayar mi soja zai ci baɗi ba.

Kada wani ya ce Hausa ba ta iya ɗaukar samaniya. Umaru Dembo ya kai yaro sararin sama cikin Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, shekara 18 kafin a haifi wanga wasa. Sojoji kuma ba sai na roba daga Nottingham ba, marfin kwalba da laka da karan dawa sun isa, yaran unguwa sun riga mu sanin haka. Abin da ba a saye shi ne tarihin, kuma shi ne aikinmu. In kun gama rubuta naku, ku kai shi fada lokacin shayi, ku karanta sunayen da ƙarfi gaban ɗan Keita da ɗan Abalak da ɗan rugga. Sunan da baki ya kasa faɗa a gyara shi. In kuwa ɗayansu ya yi shiru ya ajiye kofi don ya gane danginsa cikin dodannin, a koma a sake rubutu tun daga tushe.