Wuyar Aiki Ba A Fara Ba

Ya ku 'yan makaranta, da yawa daga cikinku suna sha'awar rubuta littafi, amma da zarar sun ɗauki alƙalami sun dubi farar takarda, sai kai ya ɗaure, su ajiye su ce sai gobe. To, bari mu duba yadda magabata suka haye wannan kogi, mu auna aikinsu, mu ga inda suka dace da inda suka yi rauni.

A cikin 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. A lokacin nan malamai sun saba da waƙa da wa'azi da tarihi, amma ƙaga labari suna ganinsa tatsuniya ce, aikin mata da yara. Duk da haka aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ku lura, Malam Abubakar Imam shekararsa 22 sa'an nan, yana koyarwa a Midil ta Katsina, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa bai kai shi ba ma. Ba su da wani littafin labari na Hausa da za su kwaikwaya. Yaya suka fara?

Dabara ɗaya muka gani a cikin uku na farko. Kowane ya zaunar da mai magana, ya kawo masa masu saurare, kana ya bar shi ya ba da labarinsa da bakinsa. Alhaji Imam yana faɗin yawon da ya yi wajen neman ruwan magani. Ganɗoki yana ba yara labarin yaƙe-yaƙensa. Shaihu Umar kuwa almajirinsa ne ya tambaye shi asalinsa, shi ke nan sai bakin malam ya buɗe. Watau mawallafan nan ba su tsaya neman wata ƙasaitacciyar kalma ta buɗe littafi ba, hirar zaure suka ɗauko suka zuba a takarda. Wanda ya iya ba abokinsa labari ya riga ya sami rabin aikin.

Amma fa farawa dabam, riƙe zare dabam. A ganinmu Shaihu Umar ya fi sauran tsayuwa a kan hanya guda. An sace yaro, an kai shi har Masar ta hamada, uwarsa ta bi sawunsa tana nema har ita ma ta faɗa bauta. Duk abin da ya auku yana jawo na gabansa, don haka tausayi ba ya barin mai karatu. Ganɗoki kuwa ƙarfinsa yana farkonsa, inda Malam Bello Kagara ya kwatanta zuwan Turawa Kwantagora a 1901, abin da ya auku a ƙasarsu yana yaro. Da labarin ya koma ƙasar aljannu, sai kirari da sara suka yi yawa, zuciya ta daina tsoron kada jarumin ya faɗi. Darasi ke nan: alƙalami ya fi kaifi a kan abin da mai shi ya sani.

Ruwan Bagaja ya fi su daɗin harshe da ban dariya, musamman inda Alhaji suke cutar juna da Malam Zurƙe. Aibinsa shi ne, labaran jere suke kamar duwatsun wuya, kana iya zare ɗaya ba wanda zai ankara. Mawallafin ya kuma aro daga littattafan Larabawa, irin su Maƙamatul Hariri. Ba mu ga laifi ga wannan ba, tun da ya sa musu rigar Hausa. Kuma da bai soma da wannan ɗan littafi mai rauni nan da can ba, da ba mu sami Magana Jari Ce ba, wanda ya fara fitowa a 1937.

Saboda haka kada ku jira sai kun gwanance, gwaninta a cikin aiki take zuwa. Ku sami tsoho a unguwarku wanda ya ga abin da ba ku gani ba, ku tambaye shi, ku rubuta yadda ya faɗa, shafi ɗaya tak. Gobe ku karanta wa ɗan ajinku da ƙarfi. Inda ya yi hamma ku soke, inda ya ce "sai me ya faru?" ku ci gaba daga nan. Ku tuna, kowace shekara ana binne tsofaffi da labaransu, abin da ba ku rubuta ba kuwa ba mai tono muku shi.