Dokin Xu Beihong: Tawada Zalla, Amma Sai Ka Kauce Masa

Jama'a, na ga doki! Na tashi cikin kallon hawan Sallah, na san yadda ƙasa ke girgiza in mahaya suka sako sukuwa, amma ban taɓa zaton doki na kan takarda zai sa gabana ya faɗi ba sai da na ci karo da wannan zane a cikin wani littafi. Doki ne guda ɗaya a guje, wanda Xu Beihong, mai zane ɗan ƙasar Sin, ya yi a shekarar 1941. Babu ja, babu kore, babu shuɗi a jikinsa. Baƙar tawada ce da farar takarda, shi ke nan. Amma wallahi kana buɗe shafin sai ka ji kamar ka ja da baya ka ba shi hanya.

Abin da ya fara kama ni shi ne gezar. Kai, wannan geza! Mutumin ya ɗebi tawada mai kauri, ya bari burushin ya ɗan sha iska, sannan ya fizge shi a kan takarda. Da yake burushin ya soma bushewa, sai gashinsa ya rarrabu, ya bar siraran layuka farare a tsakanin baƙin. Sinawa na kiran wannan dabara da sunan da ke nufin fari mai tashi sama. Ita ta sa gezar da jelar suka fito buzu-buzu, sili-sili, kamar iska na yaga su. Bai tsaya zana gashi ɗaya bayan ɗaya ba. Gudun hannunsa ne ya zama gudun dokin.

Sai ka sauko kan jiki, nan kuma labari ya sauya. A wuya da ƙirji da cinyoyi ya sirka tawadar da ruwa, ta koma toka-toka, takarda ta tsotse ta, ta bazu a hankali. Wurin ya yi sumul, ya yi laushi, kamar fatar ingarman da ya ci ya ƙoshi yana naso da gumi. Inda haske ya kamata ya faɗa, bai shafa komai ba, ya bar takardar yadda take. Wannan farin da ya bari shi ne ƙyallin tsoka. Ka ji gwaninta: wurin da bai taɓa ba ma aiki yake yi masa!

Ƙafafu kuwa, masha Allah. Dogaye ne, sirara, an ja su da layi mai ƙarfi kamar sandar ƙarfe, gwiwa da kofato kowanne ya zauna daram inda Allah ya ajiye shi. Duk wanda ya taɓa riƙe ragamar doki zai gane cewa mai zanen nan ya san ƙashi, ya san jijiya. Ba banza ba: an haife shi a Yixing a 1895, ya fara koyo a hannun mahaifinsa, sannan a 1919 ya tafi Faris ya yi karatu a babbar makarantar zane ta Faransa, inda ake horar da ɗalibi a kan ƙirar jiki da yadda abu na kusa ke girma, na nesa ya ƙanƙance. Wannan ilimi ya kawo cikin tawadar kakanninsa. Shi ya sa ƙirjin dokin ya cika ido, bayansa ya ɗan ja baya, har ka ga kamar yanzu zai faso takardar ya fito.

Kuma fa tawada ba ta yafiya. Tasu ta Sinawa da baƙin hayaƙi da danƙo ake yin ta, a daskarar, a goga a kan dutse da ruwa, 'yar uwar tamu ta allo da ake haɗawa da ƙaro. Amma allo ana wanke shi. Takardarsu kuwa tana shan tawada nan take, in hannu ya kuskure babu gyara. Kowane layi da ke jikin dokin nan sau ɗaya aka ja shi. In na tuna haka sai tsigar jikina ta tashi.

Dubi kuma abin da babu. Babu sirdi, babu linzami, babu mahayi. Dokin nan ba na kowa ba ne. Lokacin da aka zana shi, ƙasar Sin na cikin yaƙi da Japan tun 1937. Xu Beihong yana Penang, a Malesiya ta yau, yana baje kolin zane-zanensa a yankin don tara kuɗin taimaka wa mutanen ƙasarsa. A gefen takardar ya rubuta cewa ya yi zanen ne ana gwabza yaƙi na biyu a Changsha, hankalinsa a tashe. Da na san haka sai na sake kallon buɗaɗɗen hancin dokin da yadda ya miƙa wuya. Ashe zuciyar mai zanen ce ke gudu, tana son ta isa gida!

Ina da yaƙinin cewa da an sa wa zanen nan launi da ya rage masa sauri. Ido zai tsaya sha'awar ja ko ruwan ƙasa, ya manta da motsi. Baƙi da fari ba su ba ka wurin tsayawa ba: daga geza sai wuya, daga wuya sai kofato, kafin ka ankara ka bi shi a guje.

Xu Beihong ya shugabanci babbar makarantar zane ta ƙasarsa a Beijin, ya rasu a 1953 yana da shekara 58, kuma akwai gidan tarihi da ke ɗauke da sunansa a birnin. Ni dai a wurina, ban ga zanen doki da ya kama ƙafar wannan ba. Matasanmu masu zane da biro da fensir da gawayi, ku nemi hotonsa ku zauna da shi. Ku lura da inda ya danna, da inda ya sassauta, da inda ya ɗaga hannu ya bar takarda fara.