Majami'ar Shartar: Abin da Wanki Ya Tafi da Shi

Duk malamin Faransanci da ya taɓa koyar da adabin farkon ƙarni na 20 ya san sunan Shartar, wato Chartres a rubutun Faransawa, ko da ta dalilin marubuci Charles Péguy, wanda ya taka da ƙafa daga Paris zuwa can a 1912. Da na samu zuwa da kaina, sai na tarar da ginin da littattafai suka siffanta mini da duhu ya yi haske kamar an gama shi bara. A kan wannan haske ne nake so mu tsaya, domin ya raba kan masana.

Asalin darajar wurin wani mayafi ne da Kiristoci suka yi imani na Nana Maryamu ne, wanda sarki Sharl mai Sanƙo ya bayar a 876. A 1194 gobara ta cinye mafi yawan ginin, amma aka fito da mayafin lafiya daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Mutanen gari suka ɗauki haka a matsayin ishara, suka tashi haiƙan, cikin kusan shekara 30 aka tsayar da majami'ar da ake gani yau, aka keɓe ta a 1260. Tagoginta na gilashi mai launi sun haura 170, kuma a ƙasan wasunsu an zana masu sana'a: mahauta, masu burodi, dukawa, ƴan ga-ruwa, kowa a bakin aikinsa. A 1939 an cire gilasan an ɓoye saboda yaƙi, shi ya sa suka tsira.

Daga wajen 2009 hukumomin Faransa suka shiga wanke cikin ginin. A ƙarƙashin kunkunniyar kyandir da hayaƙin na'urar ɗumama ɗaki sun tarar da shafen asali na ƙarni na 13, mai launin ƙasa-ƙasa da fararen layuka, suka maido shi. A 2014 wani mai sharhin gine-gine Ba'amurke, Martin Filler, ya yi rubutu mai zafi yana ganin an ɓata wurin. Babbar hujjar masu suka ita ce duhun bango ne ke sa shuɗin gilashi ya yi walƙiya, yanzu kuwa ido ya rasa inda zai sauka.

A kan bango ban bi bayansu ba. Mu da muka tashi a ƙasar ginin laka mun san gini mai rai yaɓe yake so. Hasumiyar masallacin Agadas ba ta kai yau ba sai don ana sabunta mata yaɓe, kuma babu wanda ya ce an shafe tarihi. Maginan Shartar haske suka nema, don shi suka rage bango suka faɗaɗa tagogi. Wanda ke kukan rabuwa da kunkunniya, dauɗa yake wa kallon tsufa. Na zauna a can da la'asar, rana ta bugi tagogin yamma, launi ya zubo a kan bangon da aka wanke. Baƙin bango da ya haɗiye shi.

Inda na rabu da masu gyaran shi ne wajen sassaƙen Maryamu da ke bisa ginshiƙi, wanda masu ziyara suka sani da baƙar fuska. An sassaƙa shi a ƙarni na 16, baƙin kuwa shafe ne na ƙarni na 19. A 2013 aka kankare shi, fuska ta koma fara da jan kumatu. A ilmance ba su yi ƙarya ba. Sai dai sassaƙen ba bango ba ne. Tsawon shekara fiye da 150 mutane sun zo gabansa da damuwarsu, wannan fuskar suka sani, ita iyayensu suka sani. Wa ya yanke cewa launin ranar farko ya fi launin da aka yi ibada da shi zama gaskiya? Masani ya zaɓi shekara ɗaya daga cikin rayuwar abu, ya ce ita ce asali, sauran duka kuskure.

Wannan sabanin tsakanin mai kallo da mai ibada yana nan har a daɓen majami'ar. Akwai wata hanya mai murɗe-murɗe da aka shimfiɗa da duwatsu, tsawonta ya kai mita 260, wadda mai ziyara ke bi har tsakiya. Yawancin kwanaki kujerun masu addu'a ne a kanta, sai ranar Juma'a a wasu watanni ake kwashe su. Ni ranar Talata na je. Na leƙa ta tsakanin ƙafafun kujeru, na ga baƙin dutse ya lanƙwasa ya shige ƙarƙashin jakar wata tsohuwa da ta sunkuyar da kai, ban ce ta gusa ba.