Gwarinpa ta cika da gilashi, an manta da gidan Babban Gwani

Duk wanda ya bi 1st Avenue ko 3rd Avenue a unguwar Gwarinpa ta Abuja da tsakar rana a watan Maris ya ga abin da ke ƙona rai. Gidajen da hukumar gidaje ta tarayya, FHA, ta gina a zamanin Janar Sani Abacha ana ta rushe su, benayen shaguna na tsirowa a gurbinsu, fuskarsu gilashi tun daga ƙasa har sama. Rana ta dake shi, ciki ya koma tanda, janareta ya wuni yana ruri don a samu sanyi. Wai ci gaba ke nan.

Alhali ƙasar nan tana da gidan magina da ya girmi Abuja da sama da shekara ɗari. A shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara. Ya ɗora rufin a kan bakan gizo, ya kaurara bango yadda zai shanye zafin yini kafin ya kai ga masu salla. Shi ya gina gidan nan na Kafin Madaki a ƙasar Bauci da har yau ake kira da sunansa. Zuriyarsa ta riƙe sarautar Sarkin Magina, ɗa na koyo a hannun uba, kuma unguwarsu tana nan a birnin Zariya.

Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, ya zo ya auna masallacin, aka yi kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Masu zanen gine-ginen Abuja kuwa, da yawansu a Zariyar suka yi karatu, amma Dubai suke kwaikwayo.

Gaskiya ne fili a Gwarinpa ya yi tsada, kuma ginin ƙasa yana son yaɓe duk shekara. To amma wa ya ce sai da laka? Bango mai kauri, ƙaramar taga, baranda mai inuwa, duk siminti na iya yinsu. Sai ga shi ko a gidajen kwana an sare bishiyar tsakar gida an shimfiɗa intalok don motoci, zaure ya ɓace, baƙo na tsaye a rana bakin get yana jiran maigadi ya buɗe.